Kayak na hannu da dala 400: me zan fara saya don su a Galveston?

Abban Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Na samu kayak na hannu, wato ƙaramin kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili, wajen wani abokin aiki da zai bar Houston, irin wanda ake zama a samansa, tsawonsa ƙafa 12. Filafilin da ya haɗo min da shi na alminiyam ne, rigar ruwa mai hana nutsewa kuwa babu. Abin da na ware wa sauran kaya dala 400 ne, ba zan iya ƙarawa ba, akwai haya akwai na gida da ke jira. Na shiga shagon kayan su ranar Asabar kaina ya ɗaure: ril, wato na'urar naɗe zare a jikin sandar fatsa, ɗaya dala 30, na kusa da shi dala 300, a ido duk ɗaya. Niyyata West Bay da Christmas Bay da ke kusa da Galveston, in nemi jan kifi da tirawut. Fatsa da tana na sani tun muna yara a dam ɗin Tiga, amma ruwan gishiri ban taɓa shiga ba. Me zan fara saya, me zan bari sai gaba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa, ɗan'uwa. Ni dai shawarata ɗaya ce, kuma na daɗe ina maimaita ta: kuɗinka ya tafi kan ril. Sanda ko ta dala 40 ce za ta yi maka shekaru. Ugly Stik sai ka yi da gaske kafin ka karya ta. Amma ril inji ne, akwai boris a ciki, akwai giya, akwai sifirin, kuma a kan kayak tsakaninsa da ruwa bai wuce taƙi biyu ba. Duk ɗaga filafili da za ka yi sai ruwan gishiri ya ɗigo masa. Ka nemi Penn Battle ko Daiwa BG, lamba 2500 ko 3000, ɗari da 'yan kai ne. Araha ba ta ado.

Ɗan Yauri:
Kafin a kai ga ril, ɗana, ka iya iyo?

Abban Khalil:
Baba, kaɗan-kaɗan. A wurin wanka na unguwa ina ƙetarewa daga bango zuwa bango.

Ɗan Yauri:
To wannan amsar ita ta raba maka kuɗin. Ni a bakin ruwa aka haife ni, iyayena Sarkawa ne, tun ban iya karatu ba na iya tuƙa kwale-kwale. Duk da haka ba na saka ƙafa a kayak sai da riga a jikina, a ɗaure, ba a ajiye bayan kujera ba. Dokar Texas ta ce kowane mutum ya kasance da rigarsa a cikin jirgi, yaro ƙasa da shekara 13 kuma dole ya saka. Amma doka daban, ruwa daban. Ranar da kayak ya kife, ba ka da hannun da za ka laluba riga. Iska ta riga ta ja jirgin ta yi gaba da shi, ita da rigar.

Kuma kada ka sayi irin mai kauri ɗin nan ta dala 15 da ke shaƙe wuya. Za ta dame ka da zafi, bayanta zai riƙa tokare kujera yana tura ka gaba, kafin hantsi ka cire ta. Ka nemi wadda aka ɗinka don masu tuƙi, soson bayanta yana can sama, ƙasan raga ne, hammata a buɗe, da aljihu a gaba. Ka gwada ta a shagon, ka zauna a ƙasa da ita, ka ɗaga hannuwa sama. In ta hau ta rufe maka kunnuwa, ba taka ba ce. Ka duba tambarin amincewar masu tsaron gaɓar teku na Amurka a ciki. Ko dala 80 ta ci, ka biya ba tare da ciniki ba.

Mu 'yan Kebbi ba sai an yi mana wa'azi a kan wannan ba. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021, mutanen da aka rasa sun haura 100, kuma akwai waɗanda suka tashi a bakin ruwan nan a cikinsu. Allah Ya jiƙansu.

Maman Hanan:
Amin, Baba. Abban Khalil, ka ɗaura usur a jikin rigar, ba a jikin jirgi ba. Wayarka ta shiga jakar roba mai hana ruwa, ita ma a ɗaure a riga. Da fitila fara in za ka fita kafin rana ta ɓullo, wannan doka ce. Duka ukun ba su kai dala 30 ba.

Injiniya:
Ban yi musun riga ba, Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma ko an cire ta, da sauran kuɗi. Bari in faɗa muku abin da na gani da idona. Wani ɗan'uwanmu ya kawo min ril ɗinsa, sabo ne, irin wanda ake haɗawa da sanda a leda, bai cika wata uku ba. Hannun ya ƙi juyawa sam. Na kwance shi a kan jarida a teburin gareji. Girishin ciki ya zama kamar ƙasa, ruwan toka, yana ƙaras-ƙaras a yatsa. Boris ɗin gefen hannu ya yi ja da tsatsa har ƙwallayen sun manne. Jikin giyar ya fito da farin gari, na goge na ga ramuka ƙanana sun cinye haƙoran. Dunƙulen da zare ke bi ta kansa ya daskare, har zaren ya fara yanka masa hanya. Wannan ba ya gyaruwa. Ya sayi na biyu, ya sayi na uku. Ku haɗa kuɗin ku gani ko bai kai na mai kyau ɗaya ba.

Ɗan Yauri:
Injiniya, tambaya ɗaya. Yana wanke shi in ya dawo?

Injiniya:
Ya ce yana wankewa.

Ɗan Yauri:
Da me? In da bututun wanke mota ne yake fesa masa ruwa da ƙarfi, ai shi ya tura gishirin ciki da hannunsa. Ina da ril na dala 50 da ya ga shekaru a wannan ruwan yana nan yana aiki. Abin da nake yi bai da wuya. In na iso gida, kafin in zauna cin abinci, sai in ɗaure birkin ril ɗin tam don kada ruwa ya shiga tsakanin fayafayensa. In kawo ruwan famfo a kofi, in riƙa zuba masa a hankali daga sama. In goge da tsumma. In girgiza, in jingine a inuwa. Da ya bushe sai in sassauta birkin gaba ɗaya, haka zai kwana. Lokaci-lokaci ɗigon mai ɗaya a dunƙulen zare, ɗaya a gindin hannu, ɗaya a kowace gaɓar ƙarfen da ke buɗewa. Zobban sanda ma a wanke su, don ta ƙarƙashin ƙafarsu tsatsa ke farawa. Ƙugiyar da ta taɓa ruwa kuma ba ta komawa akwati cikin 'yan'uwanta sai ta sha ruwan daɗi ta bushe, in ba haka ba ɗaya za ta lalata maka ashirin.

Abin da ya sa ba na son sabon shiga ya zuba ɗari da hamsin a ril shi ne, a watanninsa na farko akwai yiwuwar sandar ta faɗa ruwa. Ko ya juya ɗaukar wani abu a baya, ko filafili ya doke ta. Ril ɗin da ya nutse a ruwan gishiri, mai tsada ko mai araha, sai an kwance shi a ranar. In kuma ya tafi ƙasa cikin taɓo, ya tafi.

Injiniya:
Wannan ai maganinsa igiyar ɗaure sanda, dala 5.

Maman Hanan:
Igiya tana da nata haɗarin, Injiniya. Mu da Abban Hanan mun gwada kifar da jirgi da gangan a ruwa marar zurfi, don mu koyi hawa. Igiyar filafili da ta sanda biyu suka naɗe masa ƙafa, sai da ya tsaya ya warware. Ruwan iya ƙirji ne, ba komai. Ka ƙaddara a wuri mai zurfi ne da igiyar ruwa. Tun ranar filafili kaɗai muke ɗaurewa, sanduna kuma muka saka musu soso mai sa su yi yawo a saman ruwa. Kuma akwai wuƙa ƙarama a aljihun rigar kowannenmu.

Abban Khalil, wannan gwajin kyauta ne, ka yi shi kafin ka ɗora ko ƙugiya ɗaya a jirgin. Ka je da mutum, ka kifar, ka mayar da shi daidai, ka hau. Za ka ga ba a hawa da tsalle: ciki ake ɗorawa a kan kujera, ƙafafu na shillo a baya, sannan a mirgina a zauna.

Na Jidda:
Salam 'yan'uwa. Ina karantawa daga nesa. A nan Bahar Maliya gishirin ya fi na sauran tekuna, kusan kashi 4 cikin 100 ne, na babban teku kuwa 3 da rabi. Saboda haka ni ina bayan Injiniya a maganar ril. A nan mai araha ba ya ganin ƙarshen bazara ko ka wanke. Amma mu kifayen hamur da najil muke bi a bakin murjani, sai zare mai kauri da birki mai ƙarfi, don in ka ba kifin taku ɗaya ya shige rami. Ban san ko naku haka yake ba.

Ɗan Yauri:
Sannu Alhaji, ya Jidda? Namu daban ne. Yawancin inda yaron nan zai je ruwan bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, ciyawa ce da taɓo, kuma ruwan koguna yana surka shi. Jan kifi gudu yake yi a fili, ba shi da ramin shiga. Abin da ke yanke mana zare ɓawon kawa ne da ya yi tudu a ƙasa, kaifinsa kamar reza.

Abban Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To a bar ril tukuna, ina nan ina auna maganganun biyu. Sanda fa? Na ga masu ƙafa 6, na ga masu 8. Kuma zare wanne?

Injiniya:
Ƙafa 7, matsakaicin ƙarfi. Dalilin tsawon shi ne in kifi ya zagaya ta gaban jirgi, kana zaune kana buƙatar kan sandar ya wuce hancin kayak ka juyo da zaren ɗaya ɓangaren. Gajera ba za ta kai ba. Ka duba gindinta kada ya yi tsawo, don zai riƙa maƙalewa a rigarka. Kuma ka tsaya kan ril mai rataye a ƙasan sanda. Wancan na sama da kake gani a hannun Turawan Texas yana da daɗi, amma sai ka koyi danne shi da babban yatsa, in ba haka ba zaren ya cukurkuɗe maka a tsakiyar iska.

Zare kuwa tufkakke, mai ɗaukar fam 15. Siriri ne, yana nisa in ka jefa, ba ya miƙewa, ko kifi ya sunsuna za ka ji a hannunka. Ya fi na roba tsada amma yana daɗewa. Dabarar rage kuɗi: ka fara naɗa zaren roba mai araha a ƙasa ya cika rabin ƙwarƙwaron, sannan ka ɗora tufkakke yadi 150 a sama. Hakan ma yana hana shi sulɓewa. A ƙarshensa ka ɗaura lida, wato guntun zaren da ke riƙe ƙugiya, na fam 20, tsawon kamu ɗaya zuwa biyu, shi ne zai jure gogar kawa kuma kifi ba ya ganinsa sosai. Ka koyi ƙulli ɗaya na haɗa zare biyu, ka yi ta yi a gida har ka iya shi ba tare da ka duba ba, don a kan ruwa jirgi na rawa.

Ɗan Yauri:
A nan ni da Injiniya bakinmu ɗaya. Sai dai lidar ba dole sai mai tsadar nan ba. Ruwan West Bay sau da yawa a gurɓace yake, zaren roba na fam 20 ya wadatar.

Maganar ƙoto ita ce inda shago ke cinye kuɗin mutane. Bango guda na kifayen roba kala-kala, kowanne da alkawarinsa. Abin da za ka buƙata zai shiga akwati ɗaya da bai fi littafi girma ba. Ƙugiya mai kan dalma, masu nauyin 1/8 da 1/4 na oza. Kifin roba mai wutsiya kamar faranti, leda ɗaya fari, leda ɗaya mai duhu. Cokali mai ruwan zinariya guda biyu, irin mai waya a kan ƙugiya da ke hana shi kama ciyawa. Sai kok mai ƙara guda biyu, wato ɗan abin da ke yawo a saman ruwa, wanda in ka fizga yake yin ɓus a saman ruwa, ka rataya jatan lande a ƙasansa. Shi ke nan.

Cokalin nan kada ka raina shi. Da sassafe in ruwa ya kwanta, ka shiga lungun ciyawa a hankali ba tare da filafili ya bugi jirgi ba. Za ka ga wutsiya ta ɓullo sama, ja-ja, da ɗigon baƙi a gindinta, tana kaɗawa. Jan kifi ne ya kafa kai a taɓo yana tonon ƙaguwa. Kada ka jefa a kansa, zai watse. Ka jefa gaba da shi kamar taku uku, ka jawo a hankali ta gaban hancinsa. Sai ka ga ruwan ya kumbura ya biyo cokalin. Lokacin hannunka zai so ya fizge, ka daure har sai ka ji nauyi. In ya kama, shi zai ja kayak ɗin ya yi yawo da kai.

Maman Hanan:
Ni dai ga sabon shiga jatan lande mai rai nake ba da shawara, Baba. Mutum ya kama wani abu a fitarsa ta farko, zuciyarsa ta kwanta. Roba sai an iya motsa ta.

Ɗan Yauri:
Gaskiya ne 'yata, amma lissafa. Kowace fita sai ya saya, sai bokiti, sai injin iska da batir don kada su mutu da zafi. Kuma jatan lande kowa yake gayyata. Rabin abin da zai kama wannan tarwaɗar teku ce mai taurin kai.

Maman Hanan:
Tunda an ambace ta, bari in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Abban Khalil, kifin nan ka ɗauke shi kamar ƙurungun gida: ƙaya ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma da dafi. Kada ka ɗora shi a cinyarka, kada ka taka shi don cire ƙugiya, ƙayar tana huda takalmi. Ka sayi filaya doguwa ta alminiyam da abin riƙe leɓen kifi na roba, ka cire shi a wajen jirgi. In za ka sauka ka taka ƙasa, ja ƙafa ake yi ba ɗagawa ba, saboda kunaman ruwa, kifayen nan masu faɗi da ƙaya a wutsiya, da ke kwance cikin yashi. Takalmi mai rufi dole ne, silifa ba ta tare kawa.

Abin da ya fi damuna shi ne rauni. A watannin zafi akwai ƙwayar cuta a ruwan nan, Vibrio, tana shiga ta yanka ko ƙarami ne. Mai ciwon suga ko ciwon hanta ya fi kowa shiga haɗari. In ka yanke, ka wanke nan take da ruwan sha da sabulu. In wurin ya fara ja, ya kumbura, yana zafi fiye da girman raunin, ko zazzaɓi ya zo, ka tafi asibiti a daren, ka faɗa musu ruwan teku ka shiga. Ba a jira gari ya waye.

Abban Khalil:
Hajiya na gode, wannan ban taɓa ji ba. Injin gano kifi fa? Da anga? Mai shagon ya nace sai na saya.

Injiniya:
Injin gano kifi a ruwan da bai kai ƙugu ba ba shi da aiki, idonka da tabarau mai kashe ƙyalli sun fi shi. Ga batir ga waya ga huda jirgi. Bar shi. Anga ma ba yanzu ba. Ka samu sandar faiba mai tsawon ƙafa 6 zuwa 8, ka soka ta a taɓo, ka ɗaura da gajeriyar igiya. Akwatin baya kuwa kiret ɗin madara na roba, ka yanka bututun ruwa uku ka ɗaure a jikinsa, ka samu mazaunin sanduna. A ɗaya ka kafa tuta mai ruwan lemo don masu jirgin inji su hango ka, kayak a kwance yake da ruwa.

Filafilin alminiyam ɗin ka yi haƙuri da shi bana. Yana da nauyi, kafaɗa za ta faɗa maka, amma yana tuƙi. Ka riƙa raba shi biyu kana wanke mahaɗar, in ba haka ba gishiri zai haɗe shi har abada.

Ɗan Yauri:
Ka cire dala 35 na lasisin ruwan gishiri tun yanzu, in kai mazaunin Texas ne. Yana ƙarewa ƙarshen Agusta. Ka sayi ma'auni, don jami'an suna zuwa har bakin mashiga. Jan kifi 3 a rana, daga inci 20 zuwa 28. Tirawut 3, daga inci 15 zuwa 20, an matse dokar a 2024 bayan sanyin Fabrairun 2021 ya kashe kifi da yawa a gaɓar nan. Kifin filaunda kuma ba a ɗauka daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba. Dokokin suna canzawa, ka duba na shekarar kafin ka fita.

Sai wuri. Kada ka kusanci San Luis Pass da kayak yanzu, duk da yana nan tsakanin wuraren biyu da ka ambata kuma za ka ji ana yabon kifinsa. Ruwan da ke shiga da fita ta wannan maƙogwaron ya ci mutane da yawa. Ka fara da gandun jihar da ke tsibirin Galveston, ɓangaren da ke kallon West Bay, akwai hanyoyin tuƙi da aka yi wa alama kuma akwai lungunan fakewa. Ka duba iska tun dare. In ta haura mil 15 a awa, ka zauna gida. Ka fara tuƙi kana fuskantarta don ta turo ka a dawowa lokacin da ka gaji. Da hunturu kuma in iskar arewa ta buso, tana kore ruwan daga lungunan, ka dawo ka tarar da taɓo inda ka bar ruwa.

Abban Khalil:
To ga yadda na tsara, a gyara min. Riga da usur da fitila da jakar waya, wajen 110. Lasisi 35. Sanda 45. Zare da lida 30. Ƙugiyoyi da ƙoto 35. Filaya, abin riƙe kifi, ma'auni, tuta, 40. Saura kusan 100 na ril.

Injiniya:
Ɗari ta kusa. Ka ƙara haƙurin mako biyu ko uku, ana yawan karya farashin tsohon samfuri in sabo ya fito. Ko ka duba na hannu a Facebook, amma ka juya hannun kusa da kunnenka kafin ka biya, in ka ji ƙaras ka ajiye.

Ɗan Yauri:
Ni kuwa na ce ka sayi na 60, sauran 40 ka sayi takalmin ruwa da hular rana, ban ga ka saka su a lissafi ba. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan fita bayan sallar asuba, in iska ta bari. Ka zo da jirgin da rigar kawai, ina da sanda ta biyu. Mu fara zuba masa ruwa a ciki mu ga ko yana yoyo ta ramukan ƙasa, tunda na hannu ne, sannan ka kifar da shi a gabana ka hau.

Abban Khalil:
In sha Allahu Baba, zan zo. Igiyar ɗaure shi a kan mota guda biyu gare ni, sun isa?

Ɗan Yauri:
Ka ƙara ɗaya a hanci, ɗaya a baya. Titin 45 akwai iska a kan gada.